Hukunci Tun Kafin Shari'a

Yau za mu tsaya ne a kan wani al'amari da ya zama ruwan dare a Najeriya da maƙwabtanta, wato kama mutane da tsare su saboda abin da suka rubuta ko suka faɗa a shafukan sada zumunta, alhali ba su ɗauki makami ba, ba su kuma kira wani ya ɗauka ba.

Bari mu fara da labarin da har yanzu bai bar zukatan mutane ba. A watan Yunin 2022, wani ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya wallafa hoton uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Hajiya Aisha Buhari, a shafinsa na Twitter, ya haɗa da wata gajeriyar magana da Hausa mai nuna cewa an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. Wata 5 suka shige babu abin da ya faru. Sai a watan Nuwamba jami'an tsaro suka isa Dutse, suka ɗauke shi, suka wuce da shi Abuja. Iyayensa sun yi kwanaki ba su san inda yake ba. Danginsa sun yi zargin an doke shi a hannun hukuma. Daga baya aka gurfanar da shi a gaban babbar kotun Abuja bisa tuhumar ɓata suna, aka aika da shi gidan yarin Suleja, ga jarrabawar ƙarshe tana ƙaratowa. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar fita zanga-zanga, ƙungiyar Amnesty ta ɗaga murya, shafukan sada zumunta suka ɗauki zafi. Ranar 2 ga Disamba, mai gabatar da ƙara ya miƙe a kotu ya ce an janye tuhuma. Aka saki yaro bayan kimanin mako 2.

Jama'a suka yi hamdala, kuma abin hamdala ne. Amma tambayar da ta kamata mu yi ita ce, wa zai biya shi waɗannan kwanakin? Babu alƙalin da ya same shi da laifi. Babu shaidar da aka auna, babu hukuncin da aka karanta. Duk da haka ya kwana a ɗakin tsarewa, ya shiga gidan yari, mahaifansa sun yi kukan da suka yi. An gama hukunta shi tun kafin a fara shari'a. Nan ne zuciyar maganarmu ta yau. A irin waɗannan ƙararraki, tsarewar ita ce hukuncin. Mai ƙarar ba ya damuwa da cin nasara a kotu, domin ya riga ya sami abin da yake nema tun ranar da aka jefa mutum a bayan mota.

Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan'uwansa da aka kama ya san yadda abin yake. Waya ce farkon abin da ake karɓewa, a ce ya faɗi lambobin sirrinsa, a shiga bincike daga hotuna zuwa hirarrakinsa da abokai. Uwa ta zo ƙofar caji ofis da kular abinci a hannu, ta zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, a ce mata oga ba ya nan, ta dawo gobe. Gobe ta dawo, a ce ai an wuce da shi hedikwata. A hedikwata a ce umarni daga sama ya zo, ba su da ta cewa. Uba ya sayar da ɗan abin da yake da shi don kuɗin mota da na lauya. Idan an kai kotu, a gindaya sharuɗɗan beli da talaka ba ya iya cikawa: a kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, a kawo takardar fili a tsakiyar birni. A ɗage zama, a sake ɗagewa. Kafin a ankara, karatu ya tsaya, shago ya rufe, gida ya shiga bashi.

To, me doka ta ce? Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da 'yancin karɓar labari da yaɗa shi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Wannan sashen dai ya ce duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin a biya shi diyya, kuma hukumar da ta tsare shi ta nemi afuwarsa a bainar jama'a. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan wanda ke hannun hukuma, komai girman abin da ake zarginsa da shi. A rubuce dai, ɗan ƙasa yana da kariya. Matsalar tana wajen aiki da abin da aka rubuta.

Sandar da aka fi ɗagawa a kan masu rubutu a intanet ita ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An kawo dokar ne don yaƙar 'yan damfara da masu kutse cikin asusun bankunan mutane, kuma babu mai musun cewa ƙasa tana buƙatar hakan. Sai dai wancan sashen, yadda aka tsara shi da farko, ya mayar da aika saƙon da zai ɓata wa wani rai, ko ya dame shi, ko ya ci masa fuska, ko ya jefa shi cikin damuwa, laifin da zai iya jawo ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Ku duba wannan da kyau, masu sauraro. Wace gaskiya ce za a faɗa wa mai mulki ba ta ɓata masa rai ba? Idan ka ce asibitin garinku babu magani, ran kwamishina zai ɓaci. Idan ka ce an ba da kwangilar hanya ba a yi ba, ran ɗan kwangila da na wanda ya ba shi za su ɓaci. Dokar da ta mayar da ɓacin ran babba ma'aunin laifi ta ba shi damar zama mai ƙara kuma mai fassara doka a lokaci guda.

Kotun ƙungiyar ECOWAS ta duba wannan sashe har sau biyu, a 2020 da kuma 2022, ta yanke cewa ya saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu, ta kuma umarci a gyara shi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar. An cire maganar ɓata rai da cin fuska, aka bar saƙon batsa da kuma saƙon ƙarya da aka aika da nufin ta da hankalin jama'a ko jefa rayuka cikin haɗari. Wannan ci gaba ne, kuma ya kamata a yaba. Amma ko wata 3 ba a yi ba, a watan Mayun 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas saboda wani rahoton bincike kan kuɗin gwamnati, suka riƙe shi fiye da mako guda, suka kai shi Abuja, suna kafa hujja da wannan doka dai. An gyara rubutun doka, ba a gyara halin masu aiki da ita ba.

Abin bai tsaya kan ɗalibai da 'yan jarida ba. A ranar 3 ga Agustan 2019 hukumar tsaro ta DSS ta kama ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore bayan ya yi kiran zanga-zanga ta intanet. Kotu ta ba da belinsa, aka ƙi sakinsa. Da aka sake shi a farkon Disamba, washegari jami'ai suka sake cafke shi a harabar kotu. Bai fito ba sai 24 ga Disamba, bayan fiye da wata 4 a tsare. Shari'ar cin amanar ƙasa da aka ɗora masa ta yi ta jan ƙafa har 2024, sannan gwamnati da kanta ta janye ta. Kana iya ƙin siyasar Sowore, kana iya ƙin salon maganarsa, wannan ra'ayinka ne. Amma shari'ar da aka yi fiye da shekara 4 ana yi aka watsar ba tare da hukunci ba, ta nuna cewa tun asali ba hukuncin kotu ake nema ba.

A nan Arewa ma mun gani da idonmu. A Kano, cikin Nuwamban 2022, wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. A Sakkwato, a ƙarshen 2024, an kama wata matashiya an kai ta kotu bayan ta fitar da bidiyo tana kokawa kan yadda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, tana kiran gwamnati ta dubi halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Ɓarayin daji suna yawo da bindigogi, suna sa wa garuruwa haraji, wasunsu ma suna fitowa a bidiyo da fuskokinsu a buɗe. Ƙarfin da aka nuna wajen gano yarinya mai waya, da a kansu aka nuna shi, da mutanen karkara sun kwana da ido biyu rufe.

Kuma ba za mu yi wannan magana mu manta da Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a kuma mai sharhin siyasa a shafukan sada zumunta ba. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi a gidansa da ke Barnawa a Kaduna, cikin dare. Hukumomin tsaro sun ce ba ya hannunsu. Shekaru sun shige, iyalinsa ba su ga ɗansu ba, ba su ga wanda aka hukunta ba. Nauyin gano shi da bayyana wa jama'a abin da ya same shi yana wuyan gwamnati, domin ita aka damƙa wa amanar rayukan mutane.

Idan muka tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, labarin ya yi kama da namu. A watan Yunin 2020 aka kama 'yar jarida Samira Sabou a Yamai saboda rubutun da ta yi a Facebook kan binciken kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙararta. Da dokar laifukan intanet ta 2019 aka tuhume ta. Ta yi kusan mako 7 a gidan kaso, sannan kotu ta wanke ta. A 2022 aka gyara dokar, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A 2024 gwamnatin soja ta mayar da ɗaurin. Wannan ya isa ya nuna mana cewa 'yancin da aka samu yau ana iya ƙwace shi gobe idan jama'a suka yi sake.

Na san akwai mai saurare da ke cewa, to malam, ai yaran nan ma ba su da kunya. Suna zagin sa'o'in iyayensu, suna ƙaga ƙarya su jingina wa bayin Allah, suna raba aure, suna zubar da mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Wannan gaskiya ce, kuma ba za mu kau da kai daga gare ta ba. Addininmu ya hana ƙazafi da gulma da cin naman mutane, tarbiyyarmu ta hana ɗaga wa babba murya. Akwai kuma maganar da ta wuce zagi, wadda ke tunzura jama'a su far wa wata ƙabila ko mabiya wani addini, kuma mun ga jinin da irinta ta zubar a ƙasar nan. Wanda ya yi kiran a kashe, ko a ƙona, ko ya yi barazana ga ran wani, doka ta hau kansa, babu mai kare shi.

Sai dai tsakanin wannan da sukar mai mulki akwai rata mai faɗi. Wanda aka ɓata wa suna yana da hanya a buɗe. Ya ɗauki lauya, ya shigar da ƙara, a aika wa wanda ake ƙara sammaci, ya zo da ƙafarsa, kowa ya kawo hujjarsa, alƙali ya yanke. Idan ƙarya aka yi masa, a sa a janye maganar a fili, a biya shi diyya. Haka ake yi wa ɗan kasuwa, haka ake yi wa malamin makaranta. Ku tambayi kanku, yaushe aka taɓa tura motar jami'an tsaro ta ratsa jihohi don an zagi mai sayar da kayan miya a Facebook? Ba a taɓa ba. Idan dokar kare mutunci ba ta motsi sai an taɓa mai riƙe da madafun iko, to ta tashi daga kare mutuncin jama'a ta koma kare kujera. Kuma duk wanda ya fito ya nemi ƙuri'ar mutane, ya karɓi baitulmalinsu ya riƙe, ya yarda ke nan a tambaye shi, a soke shi, har a yi masa maganar da ba ta da daɗin ji. Babba juji ne, in ji masu iya magana.

Wannan ba baƙon ra'ayi ba ne a shari'ar ƙasar nan. Tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta soke ɗaurin da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya rubuta yana sukar gwamnan tsohuwar jihar Anambra, ta nuna cewa dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da 'yantacciyar ƙasa ba. Ghana ta soke dokar ɗaure mutum saboda ɓata suna tun 2001, kuma ƙasar ba ta rushe ba. A 2014 Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan'adam ta yanke wa Burkina Faso hukunci cewa ɗaurin da ta yi wa ɗan jarida Lohé Issa Konaté kan ɓata suna ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Haka kuma ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. 'Yan jam'iyyar NEPU sun sha ɗauri da bulala a shekarun 1950 saboda sun tsaya a dandali sun faɗi abin da ke damun talaka. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama a kan haka. A yau da sunayensu ake kiran asibitoci da makarantu da tituna, waɗanda suka ɗaure su kuwa ba kowa ke tuna su ba. Kafin su, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun yi wa sarakunan zamaninsu wa'azi a kan zalunci da harajin da ya wuce kima. Malamanmu suna karantar da mu cewa faɗa wa shugaba gaskiya yana cikin manyan ayyukan lada, kuma Sayyidina Abubakar, ranar da aka ɗora masa shugabanci, da bakinsa ya nemi jama'a su gyara masa idan ya karkace. Matashin da ya ɗauki waya ya ce rijiyar garinsu ta ƙafe, ko an sace mutanen ƙauyensu, a kan wannan turbar yake, ko da harshensa bai kai na magabata gogewa ba.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ƙara wa wannan cuta ƙarfi, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Da zarar an kama yaro, sai a haɗa tawagar dattawa a tafi gidan wanda ya sa aka kama shi, a durƙusa. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaro ne, kuskure ne, ɗanka ne. Sai a sa yaron ya yi bidiyo yana ba da haƙuri, a sake shi, gari ya ɗauka cewa mai girma ya yi afuwa, a shiga yi masa addu'a. Babu mai zargin iyaye a kan haka, domin duk wanda ɗansa ke kulle zai bi kowace ƙofa. Sulhu kuma alheri ne. Amma idan kullum a haka ake ƙarewa, 'yancin da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa ya koma alfarmar da babban mutum ke bayarwa in ya ga dama, ya hana in ya ga dama. Jami'in da ya yi kamun ba bisa ƙa'ida ba ya tsira, wanda ya aike shi ya fito da sunan mai tausayi, gobe kuma a kama ɗan wani.

Asarar ba ta tsaya kan wanda aka tsare ba. Kamun mutum guda yana rufe bakin dubbai. Ma'aikaciyar asibitin da ta ga ana karkatar da magani za ta yi shiru. Malamin da ya ga rufin aji ya faɗo zai goge hoton da ya ɗauka. Gwamna ya zauna a cikin 'yan amshin shata, kowa yana ce masa lafiya lau, har ranar da abin zai fashe a titi. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS ta ce matakin haramtacce ne, kuma a tsawon watannin nan babu matsala guda ta tsaro ko ta tsadar rayuwa da rufewar ta magance. Toshe bakin mai kuka ba ya warkar da ciwon da ya sa shi kukan.

Saboda haka kiranmu a fili yake. 'Yan majalisun tarayya da na jihohi su cire ɗauri daga dokokin ɓata suna, su bar shi ya zama ƙarar neman diyya, su kuma ƙara tsuke sashe na 24 yadda ba zai zama tarkon masu suka ba. Shugabannin 'yan sanda da na DSS su hana jami'ansu zama 'yan aiken masu mulki, kuma duk jami'in da ya riƙe mutum fiye da lokacin da doka ta yarda a hukunta shi da sunansa. Alƙalai su daina sa hannu a takardar tsarewa ba tare da sun duba abin da aka rubuta ba, su sa beli daidai ƙarfin talaka. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi kada su tsaya da zarar an saki mutum, su bi masa diyyarsa har ƙarshe, domin ranar da kamun zalunci ya fara cin aljihun masu yinsa, ranar zai fara raguwa. Malamai da sarakuna, yadda kuke yi wa matasa nasiha a kan ladabin harshe, ku yi wa shugabanni nasiha a kan haƙuri da adalci.

Ku kuma matasa, ku tabbatar da labari kafin ku yaɗa, ku riƙe hujja, ku bar zagin iyaye da ƙazafi, domin gaskiya ba ta buƙatar ashar kafin ta yi nauyi. Amma kada ku yi shiru. Kuma idan aka kama wani saboda ra'ayinsa, ko ɗan jam'iyyar da kuke adawa da ita ne, ku tsaya masa, domin mulki juyawa yake yi, kuma dokar da ka yi wa tafi yau don ta kama abokin hamayyarka tana nan daram ranar da naka suka sauka.

Masu sauraro, ƙarshen sharhinmu na yau ke nan. Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci da juriyar jin gaskiya.